Filin Tambaya da Amsa: Inji ya cinye min yatsu, an ba ni kuɗi an ce in sa hannu na yafe

Assalamu alaikum jama'a. Wasiƙun wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, ga wanda ya ji ciwo a wajen aiki, ga wadda mijinta ya fita neman abinci bai dawo ba, ga wanda ake zaftare wa albashi da sunan inshora, shi ya sa na ce bari kawai mu ba wa maganar diyyar ma'aikata filin gaba ɗaya. Kamar kullum na cire sunayen mutane da na kamfanoni, wasu wasiƙun kuma na rage musu tsawo, don wani bawan Allah shafi huɗu cur ya rubuto min wallahi.

TAMBAYA: Barista barka da aiki. Ni matashi ne shekarata 27, ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa nan Kano, shekara biyu da wata biyar kenan amma har yau ba su ba ni takardar ɗaukar aiki ba, mu ne ake ce wa 'yan kazuwal, wato masu aikin wucin gadi, duk sati ake turo mana kuɗinmu ta banki. Wata uku da suka wuce ina aikin dare sai injin da ke niƙa tsohuwar roba ya shaƙe, sufabaiza ya ce kar a kashe shi don in an kashe sai an sha wahala kafin ya tashi, na zura hannu zan zaro abin da ya maƙale kawai sai ji na yi ya fizge ni, yatsu uku na hannun dama suka tafi, murfin da ke rufe bakin injin kuwa tun ina sabon zuwa aka kwance shi ba a mayar ba. Tsakani da Allah sun kai ni asibiti a daren kuma sun biya kuɗin aikin da aka yi min. Da aka sallame ni manaja ya kira ni ofis ya ba ni naira 200,000 ya ce in sa hannu a wata takarda da Turanci wai na yafe ba zan kai ƙara ko'ina ba, da babban yatsan hagu ma na dangwala. Yanzu sun ce in zauna a gida za su neme ni, shiru kake ji. Babana ya ce ƙaddara ce in bar wa Allah. Shin akwai sauran abin yi ko takardar nan ta gama da ni?
Daga wani mai karatu a Kano

AMSA: Allah ya ba ka lafiya ɗan'uwa, ya sa kaffara ne. Takardar nan ba ta gama da kai ba, ko kusa. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata da shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Disamba na 2010, ita ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987, kuma sashe na 13 nata ya faɗa ƙarara cewa ma'aikaci ba shi da ikon yarjejeniya da maigidansa a kan ya yafe diyyar da dokar ta ba shi, duk takardar da aka rubuta a kan haka ba ta aiki, ko da hannu goma aka dangwala mata. Waɗanda suka rubuta dokar sun san mutumin da ya fito daga gadon asibiti babu na cefane a aljihunsa, ko me aka miƙo masa zai sa hannu, shi ya sa suka toshe ƙofar tun daga farko. Kuɗin da ka karɓa kar ka ɓoye shi, duk inda ka je ka faɗa cewa an ba ka 200,000, amma karɓar sa bai kashe haƙƙinka ba.

Maganar kazuwal ma kar ta karya maka gwiwa. Dokar da ta zo fassara wane ne ma'aikaci ta haɗa da na dindindin da na wucin gadi da wanda ake biya kullum da ɗan koyon aiki, har da mai aikin gida matuƙar ba ɗan gidan ba ne, kuma ko da baki aka yi yarjejeniyar ɗaukar aikin ta zauna. Sojoji ne kawai aka ware. Su kamfanin ne ma suke da laifi a nan, don dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba wa ma'aikaci takardar da ke nuna sharuɗɗan aikinsa, kai kuma ka shekara biyu ba ka gan ta ba. Alat ɗin bankin nan da ke shigo maka duk sati kuwa, kar ka yi wasa da shi, ka je banki su buga maka bayanan asusunka tun daga ranar da ka fara aiki, shi ne takardar ɗaukar aikinka yanzu.

Yadda tsarin yake shi ne, kowane maigida ana so ya riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biyan ma'aikatansa duk wata a wani asusu da hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, wato NSITF, ke kula da shi, in tsautsayi ya faɗa wa ma'aikaci to daga wannan asusun ake biyan sa, ba daga aljihun oga ba. Kuma ba a tambayar laifin waye. Wannan wajen nake so ka riƙe da kyau, don na san abin da za su fara ce maka kenan, ai kai ka zura hannunka. Eh kai ka zura, amma a wajen aiki ka zura kuma aikinsu kake yi, wannan kaɗai ya isa.

Sai maganar lokaci, nan ne mutanenmu suke faɗuwa. Doka ta ce ma'aikaci ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, shi kuma maigida ya kai rahoto hukumar cikin kwana 7 da faruwar abin, sannan neman diyyar kansa a shigar da shi cikin shekara 1. In akwai wani uzuri mai ƙarfi hukumar na iya karɓa har zuwa shekara 3, amma kar ka jingina da wannan, ganin dama ce tasu. Kwana 14 ɗin bai dame ka ba tunda a gabansu abin ya faru kuma su suka kai ka asibiti, ba za su ce ba su sani ba. Shekara ɗayan ce abin ji, ka ci wata uku saura tara, kuma wannan zauna a gida za mu neme ka ɗin, ni dai na daɗe ina jin sa, sau da yawa so ake watannin su ƙare kana zaune.

Saboda haka satin nan ka je ofishin NSITF na Kano da kanka, ba sai ka jira kamfani ba. Ka tafi da katin asibiti, takardar sallama, hoton ƙashin da aka ɗauka, rahoton likitan da ya yi maka aiki, bayanan bankin nan, katin shaidar kamfani in sun taɓa ba ka, da sunayen mutum biyu ko uku da kuke aikin dare tare ranar. Ka tambaye su abu biyu, kamfanin nan yana da rajista da ku? Sun kawo rahoton hatsarina? Duk takardar da ka miƙa ka yi mata fotokwafi, a buga maka hatimin an karɓa a jikin naka kwafin da kwanan wata. Asalin takardunka kar su bar hannunka.

Abin da za ka iya samu, irin naka shi ake kira nakasa ta dindindin amma ba ta gaba ɗaya ba. Likitoci za su auna kashi nawa ka rasa na ƙarfin neman kuɗinka, sai a biya ka kashi 90 cikin 100 na abin da aka ƙiyasta ka yi asara. Misali kawai nake ba ka, in kana samun 80,000 a wata aka auna cewa ka rasa kashi 30, asarar ta zama 24,000, kashi 90 ɗinta 21,600 kenan a wata. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ba ya iya kowane aiki shi kashi 90 na albashinsa duka ake ba shi. Bayan kuɗi dokar ta tanadi kuɗin magani da na asibiti, da gaɓar roba ga wanda ya rasa hannu ko ƙafa, da taimakon koyon wata sana'ar. In awon da suka yi bai gamshe ka ba kana da kwana 180 ka ɗaukaka ƙara a cikin hukumar, in nan ma ba ta yi ba sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma tana da reshe a Kano.

Akwai hanya ta biyu, wato ka kai kamfanin kotun ma'aikata kai tsaye a kan sakaci, kuma murfin nan da aka kwance babbar hujja ce, don dokar masana'antu ta wajabta a killace duk wani ɓangaren inji mai hatsari. In kamfanin ba shi da rajista da hukumar, to yawanci nan maganar take komawa. Sai dai ba a cin tudu biyu, ba za ka karɓi cikakkiyar diyyar hukumar kuma ka sake karɓar wata a kotu kan ciwo ɗaya ba, don haka kafin ka zaɓi hanya ka zauna da lauya ya duba takardunka. In babu kuɗin lauya akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, kyauta suke yi wa marasa ƙarfi, suna da ofis a jihohi.

Baba kuma ka gaishe min da shi, ka ce gaskiyarsa ƙaddara ce, babu mai musu. Amma ita diyya ai ba Bature ya kawo mana ita ba, malamanmu na fiƙihu sun yi bayanin diyyar gaɓoɓi har yatsa ɗai-ɗai tun kafin a san wani abu wai shi kamfani. Wanda ya yarda da ƙaddara ya je asibiti ai bai yi laifi ba, to wannan ma haka take.

TAMBAYA: Salam Barista. Mijina direba ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi, shekararsa 8 da su, albashinsa 120,000. Wata bakwai kenan ya ɗauko kaya daga Kano zai kai Kaduna suka yi karo da tirela, ko asibiti ba a kai da shi ba Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ni da yara 4, babbar shekararta 13. Ina cikin takaba kamfanin suka zo gaisuwa suka ba wa yayansa 500,000 da buhun shinkafa biyu, shi kuma ya ce ya haɗa da gado za a raba, har yau ban ga ko sisi ba sai shinkafar. Wata maƙociyata ta ce ai akwai kuɗin da gwamnati ke ba wa matar wanda ya mutu a bakin aiki, ni kuma ban san ko ƙofar ofis ɗaya ba, kuma ina jin nauyin dangin miji kar a ce daga fita takaba na fara bin dukiya. Don Allah a ba ni shawara.
Daga wata baiwar Allah a Kano

AMSA: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa ya raya abin da ya bari, ke kuma ya ba ki haƙurin rashi. Hajiya maƙociyarki ta yi miki babban alheri, don 500,000 ɗin da hankalinki ke kai ita ce ƙarama a cikin abin da yaran nan suke bi.

Na farko diyyar NSITF. Mijinki yana tuƙa motar kamfani da kayan kamfani ya rasu, babu wata gardama a kan cewa a bakin aiki ne. A tsohuwar doka albashin wata 42 ake ba wa iyali a dunƙule shi kenan an rabu, ta yanzu kuwa wata-wata ake biya. Macen da miji ya bari da yara biyu ko fiye, kuma shi ke ciyar da su, kashi 90 cikin 100 na albashinsa ake ba su duk wata, in yaro ɗaya ne kashi 85. A lissafin albashin da kika faɗa 108,000 kenan a wata. Rabon yara yana tafiya har su kai shekara 21 ko su gama digirin farko, duk wanda ya riga zuwa. Kin ga ƙaramin cikinsu ai da sauran shekaru masu yawa a gabansa. Kuma wannan kuɗin doka ta ce na waɗanda mamacin yake ciyarwa ne, ba a hannun yayan miji ake damƙa shi ba. In akwai kishiya ko 'ya'yan da ya haifa da wata, ko tsohuwa da yake ɗauke da ita, a rubuta kowa a fom ɗin tun farko, ɓoye wani shi ke jawo rigimar da za ta tsayar da biyan kowa.

Na biyu inshorar rai. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa duk maigidan da ke cikin tsarin fansho ya yi wa ma'aikatansa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsu na shekara ba. 120,000 sau 12 sau 3, naira 4,320,000 kenan, kuma in kamfanin bai yi inshorar ba to shi zai biya daga aljihunsa. Wannan ana ba wa wanda marigayi ya rubuta sunansa a matsayin mai karɓa, ki sa a tambayi ofishin ma'aikata na kamfanin sunan wa ya rubuta. Na uku kuɗin da ya tara a asusunsa na fansho cikin shekara 8 ɗin nan, shi ma yana nan a kamfanin fanshon da ya yi rajista da su, in kin duba wayarsa ko takardunsa za ki ga saƙonninsu, galibi za su nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu kafin su saki. Yadda za a raba abin da ya shiga gado cikin waɗannan, wannan fagen malamai ne da alƙali, ni nawa shi ne a fara karɓo shi tukunna, don ba a rabon abin da ke hannun wasu.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki wata bakwai ɗin nan ne. Shekara 1 doka ta bayar daga ranar rasuwa, takaba ta cinye wata huɗu da kwana goma, kunya ta cinye kusan uku, saura biyar. Ki nemi takardar shaidar mutuwa, rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra, shaidar aurenku, takardun haihuwar yaran, takardar ɗaukar sa aiki ko ta albashi, da hotuna 'yan ƙanana. Kamfanin ya kamata tun ranar su sanar da hukumar, don mutuwa ba a jira mata kwana 7 ma, nan take ake kai rahoto, to ki tabbatar sun yi.

Batun jin nauyi kuwa na fahimce ki sarai, kuma ban ce ki ja daga da yayan mijinki ba. Ki samu babba a danginki, mahaifi ko kawu, su je su same shi da girmamawa a ce Yaya ga abin da aka ce yaran ƙaninka suna da shi, kai ne uba yanzu, ka shige mana gaba. Sau tari in aka ba wa mutum girmansa shi zai ɗauki fayil ɗin da kansa. Amma asusun bankin da za a rubuta ya zama naki, kuma ki kasance a wajen ranar da za a cike fom.

TAMBAYA: Barista a takardar albashinmu ana cire mana kashi 1 an rubuta NSITF, mun yi magana akawu ya ce haka gwamnati ta ce. Gaskiya ne?
Daga wani ma'aikacin otal a Kaduna

AMSA: Ba gaskiya ba ne malam. Sashe na 14 na dokar diyyar ma'aikata ya haramta wa maigida ya ciri ko kwabo daga albashin ma'aikaci don biyan wannan kuɗin, nauyinsa ne shi kaɗai. Kar ka haɗa shi da fansho, a fansho ne kai kake ba da kashi 8 shi ya ba da kashi 10. Ku adana takardun albashin, ku rubuta wa manaja takarda ku da yawa ba mutum ɗaya ba don kar a sa wa ɗaya ido, in ba a daina ba a kai wa NSITF ko ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke jiharku. Ni har tambaya nake ma ko abin da ake cirewar yana isa hukumar.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni lebura ne, muna aikin wani bene a Gusau ɗan kwangila yana biyana 5,000 a wuni, katakon da muka taka ya karye na faɗo daga hawa na biyu ƙafata ta karye a cinya. Ɗan kwangilar ya ba da 30,000 aka kai ni wajen mai ɗori a ƙauyenmu, na yi wata huɗu a kwance, yanzu na tashi amma ƙafar ta gajarce ina ɗingishi ba na iya ɗaukar bulo. Na kira shi ya ce ai ya yi iya nasa. Ba ni da wata takarda ko ɗaya. Yaro ne ya rubuta min wannan.
Daga wani mai karatu a jihar Zamfara

AMSA: Sannu malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ba zan yi maka daɗin baki ba, taka ta fi ta mai yatsun can wuya. A takarda dokar diyyar ta haɗa da kai kamar yadda ta haɗa da ma'aikacin banki, don ta ambaci masu aikin wuni da masu sana'ar da ba ta ofis ba, kuma rashin yin rajista laifin maigida ne ba naka ba. Amma a zahiri ƙananan 'yan kwangilarmu nawa ne suka taɓa jin sunan hukumar nan balle su zuba mata kuɗi, ga shi kuma babu katin asibiti ko ɗaya da zai nuna ranar da ka karye da irin karayar. Ban raina masu ɗori ba, da yawanmu su suka ɗora mu muna yara, sai dai mai ɗori ba ya ba da rahoton likita, hukuma da kotu kuma takarda suke karantawa.

Duk da haka ba a makara ba. Ka je babban asibiti ko asibitin ƙashi a ɗauki hoton cinyar, tsohuwar karaya tana fitowa ɓaro-ɓaro, likita ya rubuta abin da ya gani da yadda ƙafar ta gajarce, wataƙila ma akwai gyaran da za a iya yi mata, wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa. Ka nemi magina da leburorin da kuke tare ranar tun kafin aiki ya watsa su garuruwa, a karɓi lambobinsu. In ta waya ya turo 30,000 ɗin to ita ma shaida ce cewa ya san da zancen. Daga nan ka kai kuka ofishin ƙwadago na jiha ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, kyauta ne, kuma a takardar koken a ambaci ɗan kwangilar da mai ginin duka, don wani lokaci mai ginin ya fi shi jin kunyar a kira shi ofis. Irin wannan shari'ar da yawa a zaman sulhu take ƙarewa, gaban shugaban ƙungiyar magina ko mai unguwa, kuma ba laifi ba ne, amma a rubuta nawa za a biya da ranar da za a biya, shaidu su sa hannu, kar a tashi da Allah ya kawo za mu duba.

TAMBAYA: Ni malamar makarantar kuɗi ce, adaidaita sahun da na hau zan tafi makaranta da safe ya kife na karye a hannu. Mai makarantar ta ce ba a cikin makaranta abin ya faru ba, ba ruwanta, har ta yanke min albashin kwanakin da na yi a gida.
Daga wata malama a Zariya

AMSA: Malama dokar diyyar ba ta tsaya a bakin get ba. Sashe na 7 ya haɗa da hatsarin da ya samu ma'aikaci a hanyarsa tsakanin wajen aiki da gidansa, ko inda ya saba cin abinci, ko inda yake karɓar albashi, da sharaɗin maigida ya san da wajen tun kafin nan. Adireshin da kika rubuta a fom ɗin ɗaukar aiki ya wadatar, in kuma kin tashi daga gidan ba ki sanar ba to nan za a iya samun ja-in-ja. Yanke albashin ma akwai magana, dokar ƙwadago ta ba wa ma'aikaci hutun rashin lafiya har kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa, in dai likita mai rajista ya ba da takarda. Ki kai mata takardar likitan a rubuce ki ajiye kwafi.

TAMBAYA: Na shekara 19 ina aiki a ɗakin janareto na wata masana'anta, yanzu kunnena na dama kusan ya mutu, na hagun ma sai an ɗaga murya. Ba hatsari na yi ba, a hankali abin ya zo. Irin wannan ana biya?
Daga wani dattijo a Bompai

AMSA: Ana biya Baba. Dokar diyyar ta ware sashe guda a kan raunin ji da ƙarar wajen aiki ta jawo, akwai kuma jerin cututtukan da sana'a ke haifarwa, irin ciwon ƙirji na masu shaƙar ƙurar dutse da cututtukan da sinadarai ke jawo wa masu aiki da su. Wahalar irin naka ita ce a haɗa ciwon da aikin, don za a ce ai tsufa ne. Ka je wajen likitan kunne a yi maka gwajin ji, ka gaya masa shekara nawa ka yi kusa da janareto, awa nawa a rana, kuma ko an taɓa ba ku abin toshe kunne, ya rubuta duk wannan a rahotonsa. Da rahoton ya fito ka sanar da kamfani a rubuce cikin kwana 14, kar ka jira sai ka yi ritaya.

TAMBAYA: Barista ni nawa daban ne, ni ne maigidan. Ina da gidan burodi da yaran aiki 9, bara wani ya ƙone a hannu na kashe kusan 300,000 a kansa daga aljihuna. Ƙaramin waje irin nawa zai iya shiga tsarin nan ko na manyan kamfanoni ne?
Daga wani mai gidan burodi a Katsina

AMSA: Alhaji ba iya shiga kawai ba, dole ne ma a kanka, dokar ba ta ce sai mai ma'aikata kaza ba. Kuma ka yi lissafi da kanka, in jimillar abin da kake biyan yaran nan 450,000 ne a wata, kashi 1 ɗinsa 4,500 ne, a shekara 54,000, ka kwatanta da 300,000 ɗin da ka kashe a kan mutum ɗaya. Ba zan ce maka biyan hukumar yana fitowa da sauri kamar alat ba, akwai zirga-zirga da jira, kuma in ba ka zuba kuɗinka a kai a kai za ka sha tambayoyi ranar da ka kawo mai ciwo. Ka je ofishinsu da takardar rajistar kasuwancinka da jerin sunayen yaran da abin da kowa yake ɗauka, kuma duk sanda ka ɗauki sabon yaro ko wani ya tafi ka gyara jerin. Sannan ka sayi littafi guda ka ajiye kusa da tanda, duk wanda ya ji ciwo ko ƙanƙani ne a rubuta sunansa da rana da lokaci da wanda ya gani, shi da kai ku sa hannu.

Masu tambaya a kan kora bayan jin ciwo, na ga wasiƙunku guda uku, su za mu fara ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.